Ankwa ce, ko da an kira ta awarwaro

A layinmu in takarda ta zo da Turanci yawanci ƙofar gidanmu ake kawo ta. Ta asibiti ce, ta banki ce, ta makarantar yara ce, duk na saba, in karanta in faɗa wa mutum abin da ke ciki ya yi godiya ya tafi. To akwai wata rana da har yau take min nauyi a zuciya. Wani dattijo maƙwabcinmu, aminin mahaifina ne tun suna samari, Baba muke ce masa, ya aiko yaro ya kira ni bayan la'asar, na same shi a zaure riƙe da ambulan, ya ce ɗana duba min wannan, daga wani ofishin hukuma aka kawo wa ƙanenka, ni dai tunda na ga tambari a jiki hankalina bai kwanta ba. Na buɗe, a sama an rubuta "Letter of Invitation", a ƙasa kuma wai "you are kindly requested" ka zo ofishinmu ranar kaza ƙarfe kaza domin "an interview". Na ce Baba ai gayyata ce, roƙo ma suke ya je su tattauna. Na ga dattijon nan ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdulillahi, gayyata ai ba sammaci ba ce, wanda ya gayyace ka ya mutunta ka. Ƙanen nawa ya sa kaftaninsa ranar Alhamis ya tafi da ƙafarsa, bai nemi lauya ba, bai ɗauki ɗan rakiya ba, don me zai ɗauka tunda gayyata ce. Kwana 11 ya yi a can. Ba a kai shi kotu ba, ba a gaya wa iyayensa laifinsa ba, uwarsa kullum tana hanya da kwanon abinci, wata rana a karɓa wata rana a ce ta koma da shi.

Baba bai taɓa ce min uffan a kan wannan ba, amma ni na san da bakina a ciki. In ƙamus za a duba fassarata daidai ce, amma wallahi a zahiri ba gaskiya na faɗa masa ba. Gayyata a Hausa ta biki ce, ta suna ce, ta walima ce, in ka samu hali ka je, in ba ka samu ba ka aika da uzuri. Wannan ta cikin ambulan kuwa in ka ƙi zuwa mota za a turo, in ka je kuma ba kai ke da ikon cewa na tashi ba. Tun daga ranar na fara sa ido a kan sunayen da Turancin hukuma ke raɗa wa dokoki da matakan da ke tauye mutum, kuma abin da na yi ta gani shi ne sunan yana faɗar alherin da aka ce ana nufi ne kawai, abin da za a ƙwace maka kuwa sai ka shiga ciki can sashe na nawa sakin layi na nawa kafin ka same shi. Protection, safety, order, security, regulation, kalmomin ke nan da ake ta juyawa, babu wadda mai hankali zai ji ya ce ba ya so. Mu kuma da muke tsaye tsakanin wannan Turanci da jama'ar da ba sa jin sa, wato 'yan jarida da masu fassara labarai a gidajen rediyo da lauyoyi da malaman makaranta da irina masu karanta wa maƙwabta takarda, mu ne ke ɗauko lauje a cikin naɗinsa mu miƙa wa mutanenmu ba tare da mun warware ba.

Abin ba yau ya fara ba, da shi ma aka shigo ƙasar nan. Ranar 1 ga Janairun 1900 da Lugga, wato Lugard Baturen mulkin mallaka, ya kafa tutar Ingila a Lokoja, sunan da aka ba ƙasar Arewa shi ne "Protectorate", daga kalmar protect, wato kariya, ƙasar da aka ɗauki nauyin karewa. Da sunan wannan kariyar aka fasa ganuwar Kano da igwa a Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi da jama'arsa a watan Yuli. A takardunsu wannan duka "pacification" ne, samar da zaman lafiya. Abin da aka yi wa Satiru a 1906, inda aka shafe gari guda, shi ma a wannan babin ya faɗa. Talakawan da aka riƙa ɗebowa daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai don shimfiɗa layin dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya iso Kano a 1911, a ofis "political labour" ake kiran aikinsu. Kakanninmu ba su yi boko ba amma ba a ruɗe su da suna ba, aikin dole suka kira shi, kuma da sunan suka bar mana labarin.

Misalin da ya fi tsaya min a rai na Afirka ta Kudu ne. A 1952 gwamnatin wariyar launin fata ta yi wata doka mai suna "Natives (Abolition of Passes and Co-ordination of Documents) Act". In kai ne aka ba ka ka fassara kanun labarin nan da gaggawa ƙarfe 6 saura minti 5, me za ka ce? An soke dokar takardar izinin yawo ga baƙaƙen fata, ko ba haka ba? Abolition ai sokewa ce. To abin da dokar ta yi shi ne ta tattara ƙananan takardun izinin da ake da su a da ta mayar da su littafi guda mai hoto da bayanin wurin aiki da haraji da inda aka yarda mutum ya taka, wanda dole duk baƙar fata da ya kai shekara 16 ya riƙa yawo da shi dare da rana, ɗan sanda ya tare ka ba ka da shi sai caji ofis. Kuma ita ce ta buɗe ƙofar ɗora wannan nauyi a kan mata. A ofis "reference book" ne, mutanen da ke ɗauke da shi a aljihu kuwa "dompas" suke ce masa, sunan raini ne da suka raɗa masa da kansu. A kan wannan littafin mata wajen 20,000 suka yi tattaki zuwa fadar gwamnati a Pretoria ranar 9 ga Agustan 1956, a kansa ne kuma 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville ranar 21 ga Maris 1960. Duk a ƙarƙashin dokar da sunanta ya ce an soke. A 1959 suka ƙara da "Extension of University Education Act", faɗaɗa ilimin jami'a, alhali aikinta shi ne hana baƙar fata shiga jami'o'in Turawa sai da rubutaccen izinin minista. Wanda ya zauna ya zaɓi waɗannan sunaye ya san abin da yake yi, ya san 'yan jaridar waje sunan za su fara gani, kuma da yawa a sunan za su tsaya.

Amurka ma da take ganin ita ce uwar 'yanci haka abin yake. A Fabrairun 1942 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a umarni mai lamba 9066, aka kwashe mutane wajen 120,000 'yan asalin Japan, kusan kashi biyu cikin uku ɗinsu 'yan ƙasar Amurka ne, aka zuba su a sansanoni masu shingen waya da masu gadi da bindiga. Sunan kwashewar "evacuation", kalmar da ake amfani da ita in ana tserar da mutane daga ambaliya ko gobara, sansanonin kuma "relocation centers", wuraren sauya matsuguni. Sai a 1988 gwamnatin ta nemi afuwa ta biya duk wanda ya rage da rai dala 20,000. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 kuma, cikin kwana 45 aka sa hannu a dokar da aka tsara haruffan sunanta su ba da USA PATRIOT, wato ɗan kishin ƙasa, to ka gaya min wane sanata ne zai so a ce ya ƙi dokar kishin ƙasa ƙurar gine-ginen ba ta gama kwantawa ba? Mutum ɗaya tak ya ƙi a majalisar dattawa, Russ Feingold, 98 suka amince. Da sashe na 215 na wannan dokar aka riƙa tattara bayanan kiran wayar miliyoyin mutanen da ba a zarginsu da komai, ba a sani ba sai da Edward Snowden, wanda ya yi aiki da hukumar leƙen asirin ƙasar, ya fallasa a 2013. A lokacin ne kuma aka riƙa ɗaure mutum a kan katako a rufe masa fuska da ƙyalle a dinga kwarara masa ruwa har ya ji yana nutsewa, aka kira abin "enhanced interrogation", ingantaccen salon tambayoyi. Kowane yaro a Hausa ya san sunan wannan, azabtarwa. A Kenya ma zamanin tawayen Mau Mau da aka yi wa Turawan mulkin mallaka, sansanonin da Ingila ta tsare dubban mutane aikin "rehabilitation" aka ce suna yi, gyaran tarbiyya, a ɗaya daga cikinsu, Hola, aka lakaɗa wa mutum 11 duka har lahira a Maris 1959.

Mu dawo gida, don namu shugabannin sun gaji wannan Turancin kamar yadda suka gaji gidajen GRA. Dikiri mai lamba 4 na 1984, zamanin mulkin soja na Buhari da Idiagbon, cikakken sunansa "Public Officers (Protection Against False Accusation) Decree", kare ma'aikatan gwamnati daga ƙazafi. Wa ke son a yi wa mutum ƙazafi? Babu. Amma a ciki ba ƙarya kaɗai aka haramta ba, har da duk rubutun da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta abin kunya ko zubar da ƙima, kuma da shi aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda-guda a kan labarin naɗin jakadu. Shekara 31 bayan nan, a 2015, Sanata Bala Ibn Na'Allah ya kawo ƙudirin hana "frivolous petitions", ƙorafe-ƙorafen banza, a 2019 kuma Sanata Mohammed Sani Musa ya kawo "Protection from Internet Falsehood and Manipulation Bill", protection ɗin dai ta sake dawowa. Abin da ya burge ni a waɗannan biyun shi ne jama'a sun ƙi karɓar sunan da aka kawo, suka ce dokar toshe bakin soshiyal midiya ce, sunan ya bi ta, kuma duka biyun ba su kai labari ba. Ni ina ganin canza sunan nan da jama'a suka yi yana cikin manyan abubuwan da suka kashe su. Wadda ta sulale ta wuce ita ce dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24, da aka sa wa suna "cyberstalking", kalmar da asalinta bibiyar mutum ne da tsoratar da shi ta intanet, abin da galibi mata ke fama da shi. A ciki kuwa an sa har saƙon da aka tura don jawo "annoyance", wato ɓata wa wani rai, shi ke nan ƙofa ta buɗe, duk babban mutumin da rubutun wani yaro a Facebook ya ɓata wa rai ya samu sashen da zai sa a kamo shi. Sai a 2024 aka yi wa sashen kwaskwarima, bayan an daɗe ana jan 'yan jarida da matasa da shi.

Akwai kuma "protective custody". Bayan rikicin sojoji da 'yan Shi'a a Zariya a Disambar 2015, da aka tambayi gwamnati dalilin tsare Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa ba tare da an kai su kotu ba, amsar ita ce ana ba su kariya ne. Ba maganar kana tare da shi ko ba ka tare da shi nake ba, wannan daban, maganar kalmar nake. Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ƙi karɓar wannan hujja a Disambar 2016, ta ce a sake su a biya su diyyar naira miliyan 50, ba a sake su ba sai Yulin 2021. Kariyar da mutum ke roƙon kotu ta raba shi da ita, wanda ke ba da ita kuma ya ƙi bin umarnin kotu don ya ci gaba da ba da ita, a Hausa tsarewa ake ce mata. Ranar da muka yarda a kira ta kariya don wanda aka tsare ba namu ba ne, mun sa hannu ke nan a kira ta kariya ranar da aka zo kan namu.

Na gidan yari ma ya fi ba ni takaici don mu da kanmu muka rungume shi hannu biyu. A 2019 aka sa hannu a dokar da ta mayar da Nigerian Prisons Service zuwa Nigerian Correctional Service, kurkuku ya koma "custodial centre", nan da nan kafafen Hausa suka koma cewa gidan gyaran hali. Na yarda manufar dokar mai kyau ce, a koya wa fursuna sana'a, a rage cunkoso, a samar da hukuncin da ba ɗauri ba. Amma wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke cikin gidajen nan ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke, wasu sun fi shekarun da za a ɗaure su in da an same su da laifin. Wane hali ake gyara wa mutumin da kotu ba ta ce halinsa ya ɓaci ba? In mai karanta labarai ya ce an tura matashi gidan gyaran hali, mai sauraro a shago ko a majalisa zai ji kamar makaranta aka kai shi, har ma ya ɗauka yaron ne da matsala. In ya ce an kai shi gidan yari kafin a saurari ƙararsa, mutum zai tambaya, har yaushe? Tambayar nan ita ce sabon sunan ya kashe.

Wani salon da Turancin ofis ya ƙware a kai shi ne ya ɗauki aiki ya mayar da shi suna, sai mai aikin ya ɓace. "Restriction of movement", "suspension of operations", "disruption of services", ba ka ganin wanda ya yi, ba ka ganin wanda aka yi wa, kamar hazo ne ya sauko da kansa. A haɗa da "temporary" ko "until further notice", shi ke nan. A Yunin 2021 ba a ce an haramta Twitter ba, "suspension" aka ce, dakatarwa, kamar ɗalibin da zai dawo makaranta bayan sati biyu, aka kwashe wata 7 sai Janairun 2022, daga baya Kotun ECOWAS ta ce matakin ya saɓa doka. A Satumbar shekarar aka katse layukan waya a Zamfara gaba ɗaya, da farko sati 2 aka ce, wasu wuraren sai da suka yi watanni, mutane suna hawa mota su tafi Funtuwa don kawai su kira ɗan'uwa ko su karɓi kuɗi a POS, kafin ita ma Funtuwar a katse nata. A Katsina takardar da gwamnan lokacin, Masari, ya sa wa hannu sunanta "Security Challenges (Containment) Order", killace ƙalubalen tsaro. A cikinta akwai rufe hanyoyi, hana sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, hana sayar da fetur a jarka, hana goyon mutum uku a babur. Ban ce babu dalili ba, duk wanda ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa Batsari da Jibiya da Faskari ba zai raina ƙoƙarin neman mafita ba. Amma sunan ya nuna kamar 'yan bindigar aka killace, alhali wanda ya fara ji a jikinsa shi ne manomin da ba shi da banki sai akuyarsa, matarsa na naƙuda, ba kasuwar da zai sayar, ba wayar da zai kira, ba man da zai sa wa babur. Da an kira ta dokar rufe kasuwanni da hanyoyi, da kowane sati sai an tambayi gwamnati me rufewar ta haifar.

Uwar duk waɗannan tana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, sashe na 45. Sashe na 37 zuwa 41 sun ba ka 'yancin sirrinka, addininka, faɗar albarkacin bakinka, taro da shiga ƙungiya, da zirga-zirga. Sai 45 ya zo ya ce duk da haka ana iya yin dokar da ta taɓa su matuƙar ta kasance "reasonably justifiable in a democratic society" don tsaron ƙasa ko lafiyar jama'a ko zaman lafiya ko tarbiyya ko kare haƙƙin wasu. Waɗannan haƙƙoƙi sun shigo mana ne bayan rahoton kwamitin Willink na 1958 kan fargabar ƙananan ƙabilu, kuma daga yarjejeniyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta 1950 aka kwaikwayo su. To a can kalmar da aka sa ita ce "necessary", wato sai in ya zama dole, babu wata hanya. Da aka zo namu sai aka sassauta ta koma "reasonably justifiable", abin da za a iya kawo masa hujja mai ɗan ma'ana. Duk Bahaushe ya san tazarar da ke tsakanin dole ce ta sa da ai ina da dalili. Kowace gwamnati tana da dalili. Kalmomi biyu ne kacal amma a kansu ake auna ko za ka fita zanga-zanga ko ba za ka fita ba, kuma mafi yawan mutanen da abin ya shafa ba su taɓa jin su da harshensu ba. Duk da haka ma in an dage ana cin nasara. Dokar "Public Order Act", dokar tsari da oda, ita 'yan sanda suka daɗe suna riƙewa suna cewa ba taro sai da izininsu, da ita aka tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a 2003 da hayaƙi mai sa hawaye, ita da wasu jam'iyyu suka je kotu, a Disambar 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar cewa neman izinin nan ya saɓa tsarin mulki. Amma je ka tambayi matasa goma a unguwarku, tara za su ce maka ai sai da famit.

Kar a fahimce ni a karkace. Ban ce kowace dokar da ta hana wani abu zalunci ce ba. In gari ya rikice ana ƙone-ƙone ni ma ina so a sa dokar hana fita, in annoba ta ɓarke ina so a ɗauki mataki. Kuma ban ce laifin harshen Turanci ba ne, Turanci na da ban da jail da gag da torture, kalmomi masu kaifi, waɗanda suka fallasa Hola da kurkukun Amurka na Guantanamo ma da Turancin suka yi. Kuma mu ma ba wankakku ba ne. Hukumar da aka kafa a Kano a 2001, a Turanci "Censorship Board" ce, kalma mai ɗaci da ba ta ɓoye komai, mu ne a Hausa muka tausasa ta muka ce hukumar tace fina-finai, kamar koko ake tacewa a fitar da dusa, alhali tana da ikon hana mutum sana'arsa da kai shi kotu. Mai mulki ko da wane harshe yake magana yana son suna mai laushi. Bambancin shi ne a ƙasar nan da Turanci ake rubuta doka, saboda haka laushin ta nan yake shigowa, kuma yana shigowa ne a kan mutanen da ba su da halin buɗe takardar su duba da kansu.

Duba kalmomin da jama'a suka ƙirƙira da bakinsu ka ga bambanci. Curfew, dokar hana fita, an faɗi hanin an faɗi abin da aka hana. State of emergency, dokar ta-ɓaci, an yarda al'amari ya lalace. Lokacin korona a 2020 gwamnati na cewa "stay-at-home order" da "lockdown" da "easing", mutanen Kano suka ce kulle, kuma wanda aka ce an kulle shi dole ya tambayi wa ke riƙe da makulli da ranar buɗewa da abin da zai ci kafin nan. Tambayoyin nan halal ne, musamman in aka tuna Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce a sati biyun farko na kullen jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin dokar, adadin da ya fi na waɗanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin.

Saboda haka roƙona ga 'yan'uwana masu fassara, musamman na rediyo don su ake ji a ƙauye da birni, a daina tsayawa a kan sunan doka. A faɗi sunan da gwamnati ta ba ta, wannan haƙƙinta ne, amma a biyo shi nan take da abin da za ta hana, wa za ta hana, har zuwa yaushe, kuma in an zalunce ka a ƙarƙashinta ina za ka kai kuka. Wannan ba adawa ba ce, ba kuma son kai ba ne a aikin jarida, fassara ce cikakkiya. Gwamnati ma da sauran aiki a gabanta, sashe na 55 na tsarin mulki ya ce majalisar tarayya za ta yi aikinta da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarbanci in an yi tanadin da ya dace, tun tsarin mulkin 1979 wannan alkawari yake nan, har yau ana jiran tanadin. Sashe na 35 kuma ya ce duk wanda aka kama dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana 2. Da na san wannan sashen ranar da Baba ya kira ni zaure da ba haka na yi masa bayani ba.

Watannin baya wata baiwar Allah daga bayan layinmu ta kawo min irin takardar, an aiko wa mijinta, kalmomin ma kusan iri ɗaya, invitation, kindly, interview. Na ce Yaya zauna. Na ce a rubuce dai gayyata suka ce, amma ki ɗauka kiran hukuma ne wanda za a iya riƙe shi a can. Kar ya ƙi zuwa, amma kar ya je shi kaɗai, a nemi lauya ko da na taimakon marasa ƙarfi ne, a yi hoton takardar a ajiye a gida, a san sunan ofishin da wanda ya sa hannu, in ya kwana biyu ba a kai shi kotu ba ki dawo mu rubuta ƙorafi. Ta tsorata, na ga hannunta na rawa lokacin da take ninke takardar, ta ce Malam ai sun ce roƙo suke. Na ce haka suka rubuta. Ta tashi ta tafi neman wan mijin nata don su je tare.